Sabuwa a Kwali ko Landan-Yus: Wacce Za Ta Kama Sabis a Ɗakin da Kake Kwana?

Ranar da na sayi wayar, sabis ɗinta cike yake taf. Ina tsaye a wani shago cikin kasuwar waya a Kano, yaron shagon ya zare layina daga tsohuwar wayata ya zura a cikinta, kafin ya mayar da allurar cire sim aljihu har 4G ta fito a sama. Ya buɗe bidiyo, ya tafi sumul babu tsayawa. Ya miƙo mini yana cewa, "Malam, wannan ko a cikin rijiya kake sai ta kama." Ta hannu ce, daga Amurka aka kawo ta, amma a kasuwa duk wayar da ta taɓa zama a hannun Bature sunanta Landan-yus. Jikinta babu ƙwarzane, kyamararta kuwa sai wanda ya gani. Na biya, na kama hanyar gida ina jin na yi sayayya.

Gidanmu a bayan gari yake, inda gine-gine suka fara haɗuwa da gonaki. A ƙofar gida sabis ya ragu zuwa sanda biyu. Ina shiga falo 4G ta ɓace, ta koma 3G. Da na shige ƙuryar ɗaki sai ga harafin E, wanda duk mai amfani da data ya san abin da yake nufi: saƙon murya na daƙiƙa 20 zai yi ta juyawa har ka gaji ka ajiye. Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙanwata na zaune a kan tabarma a falon nan da wayar da aka saya mata sabuwa a kwali, wadda kuɗinta bai kai rabin na tawa ba, layinmu na kamfani ɗaya, amma ita 4G ɗinta tana nan daram. Ta ɗago kai ta ce, "Yaya, ko in jona maka data daga tawa?"

Kwana huɗu na yi ina fama. Na kashe na kunna, na cire layi na goge na mayar, na kira kamfanin layi. A rana ta huɗu na kai wa wani matashi mai gyara da na yarda da shi. Bai ko ɗauko sukundireba ba. Ya shiga bayanin wayar ya karanta lambar samfurinta, ya duba wani abu a tasa wayar, sannan ya ce, "Malam, lafiyarta ƙalau. Ba don nan aka yi ta ba ne kawai."

Duk wanda ya tashi a gidan da ake sauraren rediyo zai gane maganarsa da sauri. Akwai rediyon da ke da gajeren zango, ka murɗa ka kamo BBC da Jamus da Amurka a kan mita kaza, akwai kuma wadda FM kaɗai gare ta. Komai tsadar ta biyun, ba za ta kamo maka Landan ta gajeren zango ba, don ba a yi mata ƙofar ba. Waya ma rediyo ce, tana da zangunan da take ji da waɗanda ba ta ji. A Najeriya 2G tana kan megahaz 900 da 1800 tun da aka fara GSM a 2001, 3G kuma tana kan 2100. Waɗannan kusan kowace waya tana da su, shi ya sa ko wayar da ba ta dace da mu ba za ta yi kira, ta kuma nuna maka E. Rigimar a 4G take. A can kowane zango yana da lambarsa, kuma haka ake rubuta su a bayanin waya: B3 shi ne 1800, B7 shi ne 2600, B8 shi ne 900, B20 shi ne 800, B28 kuma 700. Glo ta buɗe 4G ɗinta a 2016 a kan B28. MTN ta sami zangon 800 bayan ta sayi Visafone a shekarar, tana kuma amfani da 2600 da 1800. Airtel ta fara tata a kan 1800, daga baya ta ƙara da wasu.

Ba a banza kamfanoni ke riƙe zango fiye da ɗaya ba. Masu ƙaramar lamba, 700 da 800 da 900, suna tafiya nesa kuma suna ratsa bango, kamar ƙarar ganga da ake ji daga wata unguwa. Masu babbar lamba irin 2600 suna ɗaukar kaya da yawa, data tana gudu a kansu, amma ba sa nisa, kuma bangon siminti biyu da rufin kwano sun isa su kashe musu ƙarfi. A tsakiyar kasuwa ƙarfen sabis yana kusa da kai, yana watsa manyan zanguna, kowace waya za ta nuna bajinta. A bayan gari, ko a ƙauye, ko a ƙuryar ɗaki, ƙaramin zango ne kawai yake isowa da ransa. Wayata ba ta da zangon da ke shigowa ɗakina. Ta ƙanwata tana da shi. Iyakar labarin ke nan, kuma gwajin da aka yi mini a shago ba zai taɓa nuna shi ba.

Ta wannan fuska sabuwa a kwali tana gaba. Tecno da Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen, kuma kasuwar Afirka ce abincinsa, don haka da layukanmu ake auna su. Haka Samsung jerin A da Redmi waɗanda aka shigo da su ta hannun dilolin kamfani. Amma kada ka ɗauka kwali shi ne hujja. Lokacin da Glo ta fito da B28, wayoyi da yawa sababbi dal da ke kasuwa ba su da shi, kuma har yanzu akwai masu araha da ba a saka musu ba. Akwai kuma sababbi a kwali da aka yi su don kasuwar cikin China ko Indiya, wani ya saro su ya kawo. Ledar da aka naɗe kwalin da ita ba za ta faɗa maka wannan ba. Lambar samfuri ce za ta faɗa.

A ɓangaren Landan-yus abin ya fi sarƙaƙiya, domin suna ɗaya yana ɗauke da wayoyi daban-daban. Ɗauki iPhone XR da iPhone 11, waɗanda suka cika shaguna daga Farm Centre da titin Beirut a Kano har Banex a Abuja. XR ta Amurka lambarta A1984, iPhone 11 ta Amurka kuma A2111, dukansu ba su da B28. 'Yan uwansu da aka yi wa Turai da sauran ƙasashe, A2105 da A2221, suna da shi. A ido babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Daga iPhone 12 ne na Amurkan suka zo da B28. Akwai wata lambar ta biyu a cikin bayanin wayar da haruffanta na ƙarshe ke nuna ƙasar da aka fara sayar da ita: LL/A Amurka, B/A Ingila, J/A Japan, CH/A China. Samsung kuma harafin ƙarshen lambarta ne: U ko U1 ta Amurka, N ta Koriya, F ko B ta sauran duniya. Galaxy S21 mai lamba SM-G991U da mai SM-G991B suna ɗaya suke amsawa, amma ba cikinsu ɗaya ba. Wanda ya san waɗannan haruffa ya shiga kasuwa, mai shago ma da kansa zai gyara tsayuwa.

Kada a ji kamar ina kushe ta hannu baki ɗaya. Inda ta dace, tana yin abin da ƙaramar sabuwa ba za ta iya ba. Manyan wayoyi suna iya haɗa zango biyu ko uku a lokaci guda su ja data ta dukansu, abin da wasu wayoyin ke nunawa da 4G+. Da yawansu suna da eriya huɗu ta karɓa maimakon biyu, na'urar sadarwar da ke cikinsu kuma ta fi iya tsinto sabis a cikin cunkoso. A tsakiyar gari, ni da ƙanwata mun sauke fayil ɗaya a lokaci ɗaya, tawa ta gama tata ba ta kai rabi ba. Sai dai ka sani ba kowace mai babban suna ce ke da eriya huɗun ba: XR da 11 biyu gare su, XS da 11 Pro ne masu huɗu. Mai aikin ɗora bidiyo, ko ɗan jarida da ke aika hotuna daga cikin birni, zai ji wannan bambanci a jikinsa kullum.

Sai 5G, wadda masu shago ke ɗagawa kamar tuta. A Disamban 2021 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon zangon megahaz 3500, MTN da Mafab suka saya a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. MTN ta fara a 2022 da birane bakwai, Kano da Maiduguri na ciki, Airtel ta biyo baya a 2023. Amma 3500 ta fi 2600 gajeren numfashi, don haka ko a biranen da take, unguwa-unguwa ce, wani lokacin titi-titi. In ba ka taɓa ganin 5G ta fito a wayar maƙwabcinka ba, kada ka ƙara ko kwabo saboda ita. Kuɗin ya fi amfani a wajen batir ko ma'adana.

Maganar da ta fi yanke hukunci a wurin yawancinmu ita ce layi biyu. Mutanenmu ba don ado suke riƙe layi biyu ba. Wannan yana kamawa a shago, wancan yana kamawa a gida, na uku shi ne wanda Inna ta haddace lambarsa. Sabuwa a kwali kusan duka gidan sim biyu gare su, ka saka ka wuce. Ta Amurka da ta Koriya galibi gida ɗaya ne. iPhone tun daga XS da XR tana karɓar layi na biyu ta eSIM, wato layin da ba kati ba ne, lamba ce ake ɗora wa wayar a ofishin kamfani. MTN da Airtel suna bayarwa, yana kuma aiki lafiya. Matsalarsa ita ce ranar da waya ta faɗa ruwa ko cajinta ya ƙare a hanya, ba za ka zare layin ka zura a 'yar ƙaramar waya mai tocila ba, sai ka koma ofis. Daga iPhone 14 zuwa sama kuwa, waɗanda aka yi wa Amurka babu gidan sim ɗin ma sam. Akwai waɗanda ake fafe wa jiki a dasa musu gidan sim kafin su iso kasuwa. Irin wannan ko a kyauta aka ba ni sai na yi tunani, don an riga an taɓa cikinta a wurin da bai kamata a taɓa ba.

Ga ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, ko Maigatari da ƙetaren iyaka, wannan ba zaɓi ba ne ma. Layin Najeriya a gida ɗaya, na Nijar a ɗayan, Airtel ko Moov ko Zamani. Mazauna bakin iyaka suna da wata damuwar ta daban da ta shafi kowace irin waya: wayar tana iya tsallakawa da kanta ta kama ƙarfen sabis na ɗaya ƙasar in ya fi ƙarfi, kati ya riƙa tafiya da farashin ƙetare mutum yana zaune a gidansa. Maganinta shi ne ka shiga wajen zaɓen kamfanin sadarwa a seti, ka kashe zaɓen kai-tsaye, ka zaɓi kamfaninka da hannu, sannan ka kashe datar ƙetare.

Akwai kuma kulle. Kamfanonin sadarwar Amurka suna sayar da waya bashi, su kulle ta a kan layinsu. In irin wannan ta iso nan ba a buɗe ta ba, sai a shimfiɗa wani siririn cif a ƙarƙashin sim don ya yaudare ta. Za ta yi aiki, amma sabis ɗinta rawa yake yi, kuma ranar da ka canza layi ko ka sabunta manhajar wayar tana iya komawa gidan jiya. Farashinta yana da sauƙi, shi ne tarkon. A iPhone, cikin bayanin waya akwai wurin da ke nuna kullen kamfani, abin da kake so ka gani an rubuta shi ne "No SIM restrictions". In wani abu ne daban, ajiye musu. A Samsung ta Amurka kana iya ganin tambarin Verizon ko AT&T ko T-Mobile yayin kunnawa. Wannan kaɗai ba ya nufin a kulle take, amma sau da yawa manhajar waɗannan kamfanoni tana ɓoye wasu setin da za ka buƙata a nan, kamar zaɓen 3G ko 4G da hannu. Sabuwa a kwali ba ta san wannan ciwon kai ba.

Abin da lambar samfuri ba za ta faɗa maka ba shi ne tarihin wayar. Eriyar waya a jikin firam ɗinta take, waɗannan siraran layukan da ke gefe ba kwalliya ba ne. Wayar da aka taɓa buɗewa aka canza mata gilashi ko batir, wata 'yar igiyar eriya mai kaurin zare tana iya zama ba ta zauna daidai ba. Wayar za ta kama sabis kusa da ƙarfe, ta sake shi da zarar an yi nisa. Mafi muni su ne waɗanda aka sauya wa riga gaba ɗaya, a ɗauki cikin XR a zuba a gangar jiki mai kama da 13 Pro ko 14 Pro. Firam ɗin ba na kamfani ba ne, eriyar ma haka. Ido zai ƙoshi, kunne zai sha wahala. Kuma in matsala ta fito, ta hannu garantinta na baki ne, kwana uku ko mako guda gwargwadon yadda kuka yi da mai shago. Sabuwa tana da na aƙalla shekara guda a rubuce, ga Carlcare ga masu Tecno da Infinix da itel, ga cibiyoyin Samsung ga masu ita.

Batir ma yana cikin lissafin sabis, abin da mutane ba su cika haɗawa ba. Wayar da ke wurin da sabis ke da rauni tana ƙara ƙarfin muryarta don ƙarfe ya ji ta, sai ta yi zafi, caji ya riƙa zuba. XR ta fito da batir mai 2,942 mAh, iPhone 11 da 3,110, kuma wanda ke cikin ta hannu ya riga ya ci shekaru. Sababbin wayoyin tsaka-tsaki yanzu 5,000 ne abin da aka saba. A garin da wuta ke zuwa in ta ga dama, sabis kuma sanda ɗaya ne, wannan tazara ita ce tsakanin wayar da za ta kai ka isha'i da wadda za ta mutu kafin la'asar.

To, ko wacce ka ɗauka, kwanakin farko su ne naka, kada ka ɓata su wajen ɗaukar hoto. Kuma kada ka yarda da sandunan sabis. Kowane kamfani yana zana su yadda ya so, sanda uku a wannan waya tana iya zama biyu a waccan alhali abu ɗaya suke ji. Ma'aunin gaskiya lamba ce da ake kira dBm. A wayoyin Android tana cikin seti, wajen bayanin waya, ƙarƙashin matsayin sim. A Samsung ka danna *#0011#, zai nuna maka har zangon da kake kai. A iPhone ka kashe Wi-Fi ka danna *3001#12345#* ka kira. Lambar tana zuwa da alamar ɗebewa, kuma wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai kyau. A 4G, in ka ga −85 kana cikin daula, −100 za a yi maneji, −110 an fara jin jiki, −120 kuwa saura ƙiris ya ɗauke. Tazarar 10 tana nufin ninki goma na ƙarfi, don haka tsakanin −85 da −105 ninki 100 ne. Ka saka layi ɗaya a tsohuwar wayarka ka karanta, ka mayar da shi sabuwar ka karanta, a wuri ɗaya, a ɗakin kwananka da wurin sana'arka. In sabuwar tana baya da 8 ko 10 a kai a kai, ko tana faɗawa 3G inda tsohuwar ke riƙe 4G, wayar ce. In duka biyun sun yi ƙasa tare, ba laifinta ba ne.

Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don an sha mayar da waya mai lafiya saboda laifin da ba nata ba. Bayan magariba, lokacin da kowa a unguwa ya hau intanet, sabis zai nuna cike amma data ta ƙi motsi, ƙarfen ne ya yi wa mutane kaɗan. Ana yanke wayar ƙarƙashin ƙasa wajen aikin titi, janaretan ƙarfen sabis yana tsayawa. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ranar mai iPhone da mai itel duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Shi ya sa gwaji ɗaya ba ya isa. Ka gwada da safe, ka gwada da dare.

Kafin ka yanke cewa waya ce, akwai ƙananan abubuwa da ke kama da babbar cuta. Na farko layin kansa. Tsohon sim da aka yi tun kafin 4G ba zai ba ka 4G ba ko a wace waya, wanda aka yanke da almakashi don ya shiga ƙaramin gida kuwa yana iya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Ka je ofis da lambar NIN ɗinka a sauya maka, lambar wayarka ba za ta canza ba. In kira ne ba ya fita alhali sabis na nan, danna *996# ka duba ko layin yana haɗe da NIN. In kira yana tafiya amma data ta ƙi, yawanci APN ne, wato adireshin da waya ke bi ta shiga intanet na kamfani. Sabuwa a kwali tana cike shi da kanta da zarar ta ji layi. Ta hannu wani lokacin tana zuwa da na tsohon kamfaninta, ko wurin ya zama fayau. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo kuma gloflat. Masu iPhone ta hannu da ke cewa wurin raba data ya ɓace musu, sau da yawa wannan adireshin ne ba a rubuta a gurbin raba datar ba. Kunna alamar jirgin sama na rabin minti ka kashe yana sa waya ta sake neman ƙarfe mafi kusa. In duk an yi ba ta canza ba, akwai wurin mayar da setin sadarwa yadda ya fito daga kamfani, ba ya taɓa hotuna ko lambobi, amma zai goge kalmomin sirrin Wi-Fi. Kamfanin layi ana samunsa a 300 a kowane layi tun da aka daidaita lambobin a 2023, in kuma ba su saurare ka ba, NCC tana karɓar ƙorafi a 622.

Akwai dabara ɗaya da nake roƙon mutane su yi hattara da ita. Samari sun gano cewa in ka danna *#*#4636#*#* a wayoyin Android da yawa, za ka iya ɗaure wayar a kan 4G zalla don kada ta riƙa faɗawa 3G. Data tana gyaruwa, gaskiya ne. Amma kiran murya ba ya bi ta 4G sai in wayar da layin duka suna da VoLTE, wato tsarin da ke ɗora kira a kan 4G. In babu, duk lokacin da kira zai shigo sai wayar ta sauka 3G ko 2G ta amsa, ta gama ta koma. Ka ɗaure ta a sama, ka toshe mata matakalar. Na san wanda ya yini ana nemansa a kan rasuwa, ana ce masa a kashe take, shi kuwa yana zaune yana kallon bidiyo da sabis cike. VoLTE ɗin ma wani wuri ne da sabuwa ke da rinjaye, domin sai kamfanin layi ya san samfurin wayar kafin ya yi aiki, kuma samfuran kasuwarmu su ne a gaban layi.

In kai mazaunin tsakiyar birni ne, layi ɗaya ya ishe ka, aikinka yana son gudun data da kyamara, kuma za ka iya tsayawa ka karanta lambar samfuri ka duba kulle, Landan-yus ta Turai ko ta sauran duniya za ta yi maka abin da kuɗinta ba zai saya maka a kwali ba. Ka dai sa sharaɗin mayarwa a rubuce a jikin rasit, ka danna *#06# a rubuta IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lamba 15, a kai. In kuwa gidanka a bayan gari yake, ko kana yawan tafiya ƙauye, ko direba ne kai, ko sana'arka POS ce da minti biyar na rashin sabis ke nufin kwastoma ya koma gaba, ko za ka saya wa dattijo ne da ba zai iya shiga seti ba, ni ban ga dalilin kasada ba. Ɗauki sabuwa mai gidan sim biyu, ka tabbatar B3, B7, B20 da B28 suna cikin bayaninta, B8 ma in ya samu.

Tawa na mayar da ita a rana ta biyar, saura kwana biyu wa'adin da muka yi ya cika. Mai shagon ya yi halin girma. Na nuna masa lambobin da na karanta a ƙofar gida da falo da ƙuryar ɗaki, na rubuta su a bayan rasit ɗin. Ya duba ya ce, "Malam, ka yi aiki." Ya ɗauko mini irinta sak amma mai lambar Turai, na cika masa ɗan abin da ya hau. Da dare na shige ƙuryar ɗakin nan na rufe ƙofa na duba: 4G, −101. Ba daula ba ce, amma saƙon murya ya tafi kafin in ɗaga yatsa.

Bayan wata biyu Baba ya aiko daga ƙauye cewa tasa ta daina caji. Ban ko leƙa layin masu ta hannu ba. Na saya masa sabuwa a kwali mai layi biyu, na kai masa da kaina ranar Juma'a, muka saka layukan a zaure, sannan na ce ya shiga da ita ɗakinsa na ƙasa mai kaurin bango ya zauna inda ya saba zama. Na fita bakin masallaci na kira shi. Bugu biyu ya ɗauka, ya ce, "Ina jin ka tar, kamar kana bakin ƙofa."